Abin da Martina Ta Gani a Memorin Ango

Shekara tara shagona yana manne da na Martina, bango ɗaya ya raba mu, ban taɓa ganin ta rufe ƙofa da rana tsaka ba sai wata Talata cikin damina, saura kwana uku a ɗaura auren Saliha. Ina kan keke ina haɗa hannun rigar amaryar, na ji an jawo ƙofar ƙarfe garam, sannan na ji muryarta ta taga.

"Maman Salim, ajiye ɗinkin nan ki zagayo ta baya."

Na ce mata aiki ya sha min kai, in hira ce ta bari sai la'asar. Ta ce, "Ki zo mana." Yadda ta faɗi maganar ne ya sa na cire ƙafa daga kan keke. Abin da na je na tarar a fuskar kwamfutarta, muddin ya fita daga shagon nan, auren Saliha ba zai ɗauru ba. Amma bari in fara gaya muku wace ce Martina, don ku gane yadda aka yi duk garin Birnin Gwari ita ce ta gani.

'Yar kudancin Kaduna ce, daga wajen Kachia. Ta zo garin nan tana amarya, ta biyo mijinta Shekari da aka turo aikin gadin dajin Kamuku, a lokacin da abin tsoro a dajin bai wuce maciji da namun dawa ba. Ta sami aikin buga tafireta a wata makarantar 'yan mata, ta yi shekara goma sha tara tana buga takardun jarrabawa da wasiƙun ofis. Shekari ya yi doguwar jinya ya rasu, ya bar ta da 'ya ɗaya, Mirabel, wadda yanzu take aikin asibiti a Kaduna. Da hanya ta lalace da 'yan bindiga, 'yan cocinsu da yawa suka tattara suka koma gida. Mirabel ta yi kiran duniya, uwar ta yi kunnen uwar shegu da ita. Ta ce a nan ta binne mijinta, kuma a nan ta san wanda zai ɗaga ta in ta faɗi. Da abin da ta samu na barin aiki ta kama shagon da ke gefen nawa, tana fotokofi, tana ɗaukar fasfo, tana cike wa mutane fom, tana buga katin biki da kalanda.

Mace ce mai taurin kai, kuma ni ma ba baya ba ce, don haka ba a sati ba mu yi cacar baki ba, a kan shara ko a kan ƙarar rediyona. Duk da haka kwano ɗaya muke cin abincin rana.

Kwamfutarta ta farko sau uku tana mutuwa, saboda memorin da mutanen ƙauye ke kawowa cike suke da cutar kwamfuta. A na ukun ta naɗe ta cikin zane ta tafi Zariya, ta yi kwas na sati biyu wajen wata malama. Malamar ta sauke mata tsohuwar manhajar ta ɗora wata ta kyauta mai suna Linux, wadda irin waɗannan cututtuka ba su cika kama ta ba. A can kuma ta koyo abin da ya bambanta ta da sauran masu shago.

Ni ban san kan kwamfuta ba, amma shekara tara ina leƙe, ko akuya ce ta tsinci wani abu. Linzamin kwamfuta, ɗan abin nan da ake ja a kan tebur, maɓalli biyu gare shi. Da na hagu ake zaɓar abu a buɗe shi. Na dama kuwa in ka danna shi a kan hoto ko takarda, sai wani ɗan jeri ya sauko, mai ɗauke da su kwafa, goge, sake suna. To a ƙasan jerin nan Martina ta ƙara nata. Akwai wata folda ta musamman a cikin kwamfutar, duk umarnin da ta rubuta ta ajiye a ciki, ta ba shi izinin aiki, sai sunansa ya bayyana a jerin. Ta zaɓi fayil, ta danna dama, ta zaɓi sunan, aiki ya yi kansa. 'Yan aikenta take kiransu. Kowanne bai wuce layi biyar ko goma na rubutu ba, kuma sai ta fara rubuta shi da biro a littafin 'yan makaranta, ta duba ta sake dubawa, kamar yadda ta saba a zamanin tafireta da kuskure ɗaya ke sa a sake takarda, sannan ta buga shi.

Duk sunayen Hausa ta ba su. Akwai "Fasfo huɗu", mai yanke hoto ya jera guda huɗu a takarda ɗaya. Akwai "Rage nauyi", don fom ɗin da ba ya karɓar babban hoto, ga layin garinmu da ke rarrafe. Akwai "Haɗa takardu". Na taɓa ganin an kawo mata hotunan ɗalibai ɗari biyu da wani abu, aikin da a wani shagon sai an kwana uku ana yi ɗaya bayan ɗaya. Ta zaɓe su gaba ɗaya, ta danna dama, ta taso muka ci ɗan wake, kafin mu wanke hannu an gama. Shugaban makarantar ya tsaya yana kallonta kamar ta yi tsafi.

Wanda ya jawo wannan labari sunansa "Jera bisa rana". Memorin mutanenmu kamar jakar tsohuwa yake, hoto da wa'azi da waƙa duk a cakuɗe, wasu ma an gaje su ne daga wayar da ta riga ta mutu. Martina ta gaya min kowane hoto yana ɗauke da rana da sa'ar da aka ɗauke shi a rubuce a cikinsa, in dai bai bi ta wasap ba, don wasap wanke shi yake yi. Wannan ɗan aike sai ya shiga kowane lungu na memori, ya tsinto duk wani hoto, ya karanta ranarsa, ya kwafe shi cikin folda mai sunan shekara da wata. Aibinsa ɗaya, ba ya tsallake abin da aka ɓoye. Manyan wayoyin nan in mutum ya goge hoto ba sa zubar da shi nan take, sai su sa ɗigo a gaban sunansa su ɓoye shi na wata guda. In aka zare memorin kafin watan ya cika, hoton yana nan kwance, ba mai ganinsa. Shi kuwa ɗan aiken Martina bai san ɗigo ba, har da su yake kwasowa. Ta sha ganin abin da bai kamata ta gani ba, ta goge kwafin ta ja bakinta ta yi shiru. Kullum cewa take za ta gyara, layi ɗaya ne kawai, ni kuma ina ce mata lalaci ne ke damunta.

Saliha kuwa a gaban shagunanmu take suyar awara. Mijinta Naziru bakaniken babura ne, ɗan Kazage, garejinsa na bakin tasha. In kekena ya ƙi, shi nake aika wa, ya zo ya zauna a kan tabarmata ya kwance shi ya ɗaura, bai taɓa karɓar ko sisi ba. Daminar shekara huɗu da suka wuce ya hau mota zuwa Kaduna sayo kayan gyara. 'Yan bindiga suka tare motar suka cinna mata wuta. Waɗanda suka je washegari sun tarar da gawawwakin da ba a iya gane su, da jakar sifanunsa yashe a bakin hanya. Wani fasinja da ya tsira ya rantse ya ga faɗuwarsa. Mutum bakwai aka binne a jere, aka ce ɗaya Naziru ne. Saliha ta yi takaba da goyon Abdulfattah a baya, 'yarsu Sadiya tana shekara uku.

Maza sun zo, ta kore su. Shekara biyu ko jan baki ba ta sa ba. Sai Labaran, mai sayar da taki da irin masara, wanda matarsa ta rasu wajen haihuwa. Shiru-shiru ne, in yana magana sai ka matso. Kullum da yamma sai ya zo ya sayi awara, ni kuwa na san ba ya cinta, ɓata masa ciki take yi, yaran unguwa yake raba wa a kwana. Shekara biyu yana wannan wahala kafin ta amince. Na ga Saliha ta koma dariya, irin wadda har sai ta rufe baki da gefen hijabi. Abdulfattah, da bai san fuskar ubansa ba, ya fara kiran Labaran Baba tun kafin a sa rana. Na yi murna, wallahi na yi murna kamar 'yata ce.

Labaran ƙaramar waya gare shi mai maɓalli. Tun da aka yi sulhu da 'yan bindiga kasuwa ta sake ci, mutanen daji suna shigowa suna saye suna sayarwa, tsofaffin wayoyi da memori suka cika tiren 'yan tebur. A nan ya sayi wani memori saboda an ce masa cike yake da wa'azi. Ƙanwarsa ta ɗauke su hoto shi da Saliha, ta tura masa ciki ta bulutut. Da safiyar Talatar nan ya kawo wa Martina, ya ce ta zaɓi mai kyau ta yi musu kalandar biki, zai dawo bayan la'asar. Ita kuma da ta ga tarkace fiye da dubu, ta yi abin da take yi kullum, ta danna dama ta zaɓi "Jera bisa rana".

Da na shiga ta ƙofar baya, na same ta zaune, gilashinta a kan karan hanci, hannuwanta biyu a kan cinya, ba ta taɓa komai. Ta nuna min kujera da haɓa.

"Na buɗe foldar watan nan na ga hotunan Labaran da Saliha," in ji ta. "Sai na ce bari in duba ta bayanta, ko wani ya faɗa ciki. Ta Nuwamban bara ce. Ki duba da kanki."

Hoton farko shanu ne. Na biyu babura jere a ƙarƙashin itatuwa. Na uku wani mutum ne tsugune a gaban babur da aka cire wa tayar baya, a gindin kaɗanya, bukkokin ciyawa a bayansa, ga bindiga jingine da itacen. Ya rame har ƙasusuwan wuyansa sun fito. Gemunsa rabi fari ne. Ya juyo yana kallon mai ɗaukar hoton, kunnensa na hagu a fili, da tsagar nan da ƙarfe ya taɓa yi masa tun yana yaron gareji.

Na zauna ba a kan kujerar ba, a kan kwalin takarda.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Wa kika gani?"

"Kin san wanda na gani."

"Ina so in ji daga bakinki. Tun ɗazu nake cewa ko idona ne."

"Naziru ne," na ce. Sai kuma na yi maza na ƙara, "Amma tsohon hoto ne. Na da ne, kafin abin ya faru."

"Yana da furfura da ya tafi?"

"To agogon wayar ne ya rikice. Ba ke kike cewa wayoyin ƙauye ba su san rana ba?"

"In batir ya mutu, waya baya take komawa, Maman Salim, ba ta tsallakawa gaba. Kuma na gwada ta."

Ta buɗe wani hoto da wayar ta ɗauka kwana biyu bayan na Naziru. Kasuwar shanu ce, ranar da ta sake ci bayan shekarun da ta yi a rufe, manyan motoci sun yi layi, mutane har kan katanga. Babu wanda bai san ranar nan ba a garin nan, ni kaina na rufe shago na je kallo. Ranar da ke rubuce a cikin hoton ita ce ranar, ba ƙari ba ragi. Agogon wayar lafiyarsa lau. Wata takwas da suka wuce, mutumin da muka yi wa sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in yana tsugune a cikin daji yana gyaran babur.

Na tambaye ta ko hoton ya faɗi inda aka ɗauke shi. Ta ce ta duba, rana ce kawai da sa'a, babu wuri.

Zan faɗi abin da na ce, ko da yake ba na alfahari da shi. Na ce, "Goge shi."

Ta cire gilashinta ta dube ni.

"Goge shi, Maman Mirabel. Wanda ya ɗauka ma gogewa ya yi, ke da shegen ɗan aikenki kuka tono. Wata takwas a dajin nan ba kwana takwas ba ne, wa ya san ko yana raye yanzu? Yarinyar nan ta yi kukan mutuwarsa sau ɗaya, sai mu sa ta sake? Kuma kin ga bindigar nan. Mu mun san kama shi suka yi don ya iya gyara, amma bakin mutane fa? Gobe a makaranta a ce wa Sadiya 'yar ɓarawon daji. Saura kwana uku. Danna ɗaya ne, ba wanda ya sani sai ni da ke."

Har ga Allah tausayin Saliha ne ya cika min ciki, kuma haushin Martina nake ji da ba ta gyara layin nan ɗaya ba tun bara.

"Ke ce musulma," in ji ta a hankali. "Ke za ki gaya min ko ana ɗaura aure a kan aure."

Na ce kada ta kawo min wa'azi.

"Ba wa'azi ba ne. Ƙanena Judah shekara shida ke nan da ya hau mota zuwa Funtuwa. Ba gawa, ba labari. Da a ce hotonsa yana cikin memorin wani, wata mata ta gani ta goge don ta hutar da ni, ba zan yafe mata ba har gaban Allah."

A shekara tara, sau biyu kacal na taɓa jin ta ambaci sunan Judah. Ta ce memorin na Labaran ne, shi ya kawo, shi za a fara nuna wa. Na koma shagona na zauna a gaban rigar amarya, har aka kira la'asar ban sa allura a jikinta ba.

Labaran ya zo ana yayyafi, da lema a hannu ɗaya, ɗayan kuma ƙullin dafaffiyar gyaɗa da ya sayo mana. Fuskarsa fal fara'a, ya gaida Martina, ni kuma ya kira ni da sunana.

"Madam, an gama? Anti Kadijatu, ina gajiya? Yau kuma an rufe ƙofa kamar ana rabon gado."

Ba wadda ta yi dariya. Martina ta jawo masa kujera ta ce ya zauna, akwai abin da ya fito daga memorinsa da ya kamata ya gani. Ta buɗe.

Ya matso da fuskarsa. Ya ja baya. Ya cire hularsa ya riƙe, ya mayar, ya sake cirewa. Na ga gumi yana tsattsafo masa a goshi, ga garin da sanyin ruwa. Martina ta yi masa bayanin ranar, ta nuna masa hoton kasuwa, yana gyaɗa kai kamar wanda ake karanta wa takardar asibiti.

"Wa ya gani?" ya tambaya, da ƙyar na ji shi.

"Ni da Maman Salim."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Malam Labaran, memorinka ne. Ni hannuna ba zai goge ba. In ka karɓa ka fita da shi, ba ni da ikon hana ka. Sai dai in an tambaye ni, ba zan yi ƙarya ba."

Wa zai tambaye ta? Ba wanda ya san akwai abin tambaya. A cikin zuciyata ina ta roƙon ya miƙa hannu ya zare abinsa ya sa a aljihu. Ya daɗe yana kallon hoton, har fuskar kwamfutar ta yi duhu don an daɗe ba a taɓa ta ba, Martina ta motsa linzami ta dawo da ita.

"Ya rame," in ji Labaran. "Allah sarki, Naziru ya rame."

Sannan ya share fuskarsa da hular ya ce, "Madam, buga min guda biyu. Ɗaya na kai wa yayan Naziru, Abarshi, ɗaya na kai wa liman."

Na ce, "Labaran, ka yi tunani."

"Anti, in na tsaya tunani ba zan kai ba."

Firinta ta fitar da su. Martina ta sa masa su a ambulan. Ya fita cikin ruwan da ya fara ƙarfi, lemar a naɗe a hammatarsa, bai buɗe ta ba.

Kafin azahar ɗin Laraba babu gidan da labarin bai shiga ba. Manya suka zauna, liman ya ce a dakatar da ɗaurin aure har a san gaskiyar lamarin, maganar kuma sai ta je gaban alƙali. Labaran da Abarshi suka je wajen mai tiren da ya sayar da memorin, ya ce shi a ranar kasuwa hannu goma yake saye, bai riƙe fuskar kowa ba. Aka ba masu shiga daji suna fitowa sallahu. Wasu suka ce Martina ta kyauta, wasu suka ce ta shiga abin da ba ruwanta, ta rushe gidan marayu. 'Yan son gulma suka yi ta zuwa a nuna musu hoton, ta ce shagonta ba gidan kallo ba ne.

Abin da ya ƙara kashe min jiki shi ne safiyar Alhamis. Na zo buɗe shago na tarar da mata zaune a barandarmu, sun kai goma sha biyar, wasu daga Gwaska, wasu daga ƙauyukan da ma babu kowa a cikinsu yanzu. Kowacce da memori ƙulle a bakin zane. Sun bi 'yan tebur sun saye duk tsohon memorin da ke kasuwa. Wata tsohuwa ta kama hannun Martina ta ce, "'Yata, a danna min abin nan da aka danna wa Saliha, ɗana shekara biyar." Ban san yawan waɗanda ke jira a garin nan ba sai ranar. Martina ta zauna tana yi musu ɗaya bayan ɗaya, ba ta karɓi komai ba, suna tsaye a bayanta suna kallon shanun mutane da bukukuwan mutane suna wucewa. Ba wadda ta ga nata.

Saliha ta zo bayan azahar, ita kaɗai. Martina ta roƙi sauran matan su jira a waje, ta tura ƙofa. Ni ma na tashi zan fita, Saliha ta ce, "Anti Kadijatu, ki zauna."

Ta ce an nuna mata na takarda, amma tana so ta ga inda ya fito. Da ta fito da hannunta daga cikin hijabi don ta dafa tebur, na ga lallen biki ya kama ram, baƙi da ja har wuyan hannu. Martina ta buɗe hoton.

"Anti, ƙara masa girma."

Ta ƙara.

"Ƙara. Fuskar kawai."

Fuskar Naziru ta cika allon. Saliha ba ta yi kuka ba, ba ta yi salati ba. Ta sa yatsa ɗaya kusa da gilashin, ba ta taɓa ba.

"Baban Sadiya ne," in ji ta. Can kuma ta ce, "Dariya zai yi."

Muka dubi juna ni da Martina. Mun kalli hoton nan ya fi sau ashirin, ba mu ga alamar dariya ba.

"Kun ga yadda ya cije leɓen ƙasa ta gefe? Haka yake yi in an faɗi abin dariya yana so ya riƙe. Wani ne ya tsokane shi." Sannan ta ce, "Shekara huɗu. Ban san ko daɗi zan ji da yana iya dariya ba, ko haushi."

A waje ana jin muryoyin matan da ke jira.

"Anti Martina, da ba ki danna abin nan ba fa?"

"Da gobe an ɗaura."

"Da gobe an ɗaura," Saliha ta maimaita, kamar tana auna nauyin maganar. Ba ta faɗe ta da zargi ba, kuma ba ta faɗe ta da godiya ba.

Ta juyo gare ni. Idanunta a bushe suke, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

"Anti, tun ranar da aka binne su, duk sallar da na yi sai na ce Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ɗazu da azahar na ɗaga hannu, bakina ya tafi can da kansa, na tsaya. Ban san me zan ce ba. Me ake cewa?"

Martina ce ta kamo hannun nan mai lalle ta riƙe cikin nata biyu.

"Sai mu ce Allah ya dawo da shi gida lafiya."

Na ce amin. Na jira, Martina ma ta jira. Saliha tana kallon fuskar da ke kan allon, leɓunanta suka motsa kaɗan suka tsaya, ba ta ce amin ba.